Ranar da Na Buɗe Bakin Wule

Yanzu idan na farka da asuba, abin da kunnena ke fara kamawa ƙarar babur ce, sai ta injin markaɗen maƙwabta. Nakan kwanta shiru ina jira ko zan ji saniya ɗaya ta yi kuka tana kiran ɗanta, amma ba na ji. Kwanan baya jikata ta sayo mini nono a farar leda, na kurɓa sau ɗaya na ajiye. Madarar gari ce aka dama aka bar ta ta yi tsami, babu ƙanshin hayaƙi, babu na ƙwarya, balle na saniya. Yarinyar ta ce, "Kaka, ai shi ake sha yanzu." Ban yi mata musu ba. Wanda bai taɓa jingina goshinsa a kwiɓin saniya yana tatsa ba, da me za ka kwatanta masa? Inda rugarmu take a da, can gefen Kafin Dafga, yau gonaki ne sun haɗe baki da baki. Burtalin da garke guda ke bi ba tare da ya taɓa karan kowa ba ya tsuke, har jaki mai mangala sai ya karkata kafin ya wuce. Fadamar da muke shayarwa kuwa, ruwan dam ya haɗiye rabi, masu lambu sun kewaye sauran.

An kawo ni rugar nan ina amarya, daga rugar mahaifina da ke wajen Rogo. Mu Fulanin zaune ne, Fulatancinmu ya riga ya fara zubewa, da Hausa muke hira, sai dai in za mu yi wa shanu magana mu koma harshen kakanni, don shi suke ji. Surukata ta rasu tun kafin a kawo ni, saboda haka aikin mata duk a kaina ya sauka. Manyan gidan mu uku ne: surukina da muke kira Baffa, da mijina, da ni, sai ƙannen mijina ƙanana masu bin maruƙa. Kafin gari ya waye na hura wutar garke, hayaƙi ya kwanta a bayan shanu yana korar ƙuda. Sai in saki maraƙi ya tsotsa kaɗan, in janye shi, in durƙusa da ƙwarya tsakanin gwiwoyina. Nono idan ya fara sauka a ƙwarya siririyar ƙara yake yi kamar yayyafi a kan faifai, in ta fara cika sai muryar ta yi kauri, kumfa ta taso. Ko idona a rufe na san inda ƙwarya ta kai. Daga nan sai kaɗa gora don fitar da mai, sai daka fura, sai wankin ƙore da shanya su a rana, sai in naɗa gammo in kama hanyar gari. Gajiya ce, amma irin wadda mutum ke kwanciya da ita ya san inda yinin ya tafi.

A cikin garken akwai saniyar sadakina, ja mai farin goshi, muna kiranta Wule. Ba ta yarda kowa ya taɓa hantsarta sai ni. Baffa yakan ce, ba da ni yake ba, da iska yake, "Saniya ta san hannun da ba ya cutar ta." Haka muke da Baffa. Tun da aka kawo ni ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa furta masa kalma ba in ban da gaisuwa, ita ma a durƙushe, fuskata a gefe. In yana son abu sai ya tsaya bayan bukka ya ce, "A faɗa wa mutanen gidan nan ruwa ya ƙare a buta," alhali babu kowa a wurin sai ni. 'Yan matan yanzu da ke zama kujera ɗaya da surukansu suna nuna musu hoto a waya ba za su gane nauyin wannan kunya ba. A wurinmu ita ce suturar mace, wadda ta yar da ita kamar ta fita kasuwa ba zane ne.

A cikin gari ina da mai saye na kullum, wani tsoho Bahaushe da kowa ke kira Baba Soja. Yana zama gindin dalbejiya a ƙofar zaurensa, ƙafa ɗaya a miƙe don ba ta lanƙwasuwa. Yana saurayi aka ɗebe shi a babban yaƙin Turawa, aka sa su jirgin ruwa har ƙasar Kenya kafin a wuce da su Habasha. Labarin harbi da gawa ba ya yi, ko an tambaye shi sai ya kau da kai. Abin da ba ya gajiya da shi labarin wasu makiyaya ne da ya gani kusa da sansaninsu, Masai. Da ya hango ni da ƙwarya sai ya ɗaga murya, "Ga 'yar Masai ta iso! Sauke, sauke, jikata, yau me shanu suka ce?" In durƙusa in gaishe shi, in dama masa fura, shi kuwa ya ɗora daga inda ya tsaya jiya.

Ya ce dogaye ne kamar gwangwala, samarinsu na yin kitso su shafe shi da jar ƙasa da mai, su tsaya a ƙafa ɗaya sun jingina da mashi, yini guda suna kallon garke ba su zauna ba. In suna wasa sai su yi da'ira, ɗaya ya shiga tsakiya ya dinga tsalle sama a miƙe kamar an cilla kara. Ya ce matansu ne ke gina ɗakuna, gajeru, da itace da laka da kashin shanu, maza kuma su kewaye gidan duka da shingen ƙaya, shanu su kwana a tsakiya mutane a gefe, saboda zaki. Matan na sa dutsen wuya faffaɗa kamar faifai, kunnuwansu a huje har suna reto. Nono a doguwar gora suke zuba shi, su ƙona cikinta da garwashi don ƙanshi. Yaro in ya zo gaida babba ba ya miƙa hannu, sunkuyar da kai yake yi a dafa masa. Kuma wai sun yi imani duk saniyar da ke duniya tasu ce, Ubangiji ne ya sauko musu da ita.

Na ce, "Har da Wule, Baba?"

Ya ce, "Har da ita. Aro suka ba ki."

Ranar da ya gaya mini suna huda jijiyar wuyan sa da ƙaramar kibiya su tari jini su gauraya da nono, su toshe wurin, san ya tashi ya ci gaba da kiwo, na ce, "A'uzubillahi! Baba, ka bari, fura nake damawa." Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Addininmu ba ɗaya ba, jikata, abincinmu ba ɗaya ba. Amma na ga Bamasaye yana kuka a kan maraƙi, na ce wallahi wannan na san shi, a garinmu ma akwai shi."

A ranin wata shekara ne maganar ta fara shigowa kasuwa, a hankali, kamar ɓarawo. Wai wani ciwo ya ɓullo a gabas yana share garke. Tsofaffi suka ce in dai wanda kakanninsu suka ba su labari ne, to bushiya ce. Sunan kaɗai ya isa ya sa Baffa ajiye abinci. Kowace ranar kasuwa sai a ambaci wani gari da ya fi na makon jiya kusa. Dagaci ya aiko, arɗo ma ya zagaya ruga ruga da kansa: kada kowa ya motsa da shanunsa daga inda suke, kada a haɗa mashaya, masu allura suna tafe. Muka yi ta jiran masu allura. Baffa ya karɓo rubutu wajen malam aka zuba a ruwan shanu, aka yi sadakar fura, aka daina barin baƙon makiyayi ya ratsa. Da yamma in shanu sun dawo, kowa idonsa a kan hancinsu da idanunsu. Ko tari saniya ta yi sai gabanka ya faɗi.

Bushiyar ta shigo mana ta kan wani baƙin bijimi. Ya ƙi kiwo, ya tsaya kansa a ƙasa, hawaye na zuba, miyau na dalala. Da aka buɗe bakinsa sai ga dasashin ya yi ƙuraje fari-fari kamar an watsa dusa. Bayan haka zawo, mai warin da har yau in na tuna sai na tofar da yawu. Kafin a gama haƙa masa rami wasu sun kama. Aka ware marasa lafiya can gefen tsamiya, sauran aka bar su kusa da bukkoki, muna cewa waɗannan kam lafiyarsu ƙalau. Wule na cikinsu.

Wata safiya na durƙusa zan tatse ta, na jingina goshina a jikinta kamar kullum, sai na ji zafi kamar na taɓa tukunya. Nonon ya sauko kaɗan ya tsaya. Na leƙa fuskarta, ga danshi ya biyo kuncinta daga gefen ido. Na duba hagu da dama ba kowa, na ɗaga leɓenta. Suna nan, ƙanana, ba su fi a rufe da ɗan yatsa ba. Na sa bakin zanena na goge mata ido, na tashi da ƙwaryata. Ban gaya wa kowa ba. Ina ganin kamar in ban furta ba, abin bai tabbata ba.

Da hantsi mijina ya same ni bayan bukka ina wanke ƙore. Kwana da kwanaki bai yi barci ba, idanunsa sun faɗa. Mutum ne mai haƙuri, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma garken nan shi ya yi masa wahala tun yana yaro, shi ya san kowace ƙaya da ta taɓa sokar kofatonsu. Ya tsuguna ya yi ƙasa da murya.

"Ke, ki haɗa kayanki. Gobe da safe zan ware masu lafiya mu tafi wajen Rogo, rugar su Babanki. Can ciwon bai kai ba. In suka gan ki a gaba ba za su kore mu ba."

Na ce, "Arɗo fa ya hana."

"Arɗo zai ba ni wasu in waɗannan sun ƙare?"

Na ajiye ƙwaryar, ruwan wanki na ɗiga daga hannuna. Sannan na ce, "Wule ta kama. Na ga bakinta."

Ya dube ni kamar na mare shi. Ya ce, "Ƙaiƙayi ne ya soke ta. Jiya ta ci kara." Na ce jikinta da zafi. Ya miƙe tsaye. "Na ce ƙaiƙayi ne. Baffa ya yarda da tafiyar don na rantse masa lafiyarsu lau. Kada in ji maganar nan a bakin kowa. Kin ji ni?"

Na ji shi. Kuma na san ba mugunta ba ce, mutum ne ruwa ya ci shi yana kama duk abin da hannunsa ya samu. Amma na san garken mahaifina, na san saniyar da aka yaye ni da nononta, na san ƙannena da ba su da wata dukiya a duniya sai su. In muka isa da Wule, mashaya ɗaya za su sha.

Ranar na shiga gari da ɗan nonon da ya samu. Gidan da na saba shiga a yi mini maraba, matar ta tare ni a soro ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yar Fulani, maigida ya hana." Haka gida na biyu. Yara suka biyo ni suna toshe hanci. Baba Soja kaɗai ya ce in sauke. Bai yi mini wasan da ya saba ba, ya dubi fuskata ya ce, "Jikata, wa ya mutu?" Nan kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace. Na gaya masa duka.

Ya daɗe yana murza gwiwarsa mai ciwo. Sannan ya ce, "Akwai wani tsohon Bamasaye da ke kawo mana awaki sansani. Ta bakin tafinta ya ba mu labarin irin wannan ciwo, ya same su yana yaro. Ya ce shanu suka zube har ungulu ta ƙoshi ta kasa tashi. Kowa ya kwashi ragowarsa ya gudu wurin dangi, ciwon ya bi sawunsu, mai gudu da wanda aka gudo wurinsa suka tashi hannu wofi. Mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba suka bazu cikin manoma suna neman abin sawa a baki. Yana ba mu labarin yana tsoho, amma muryarsa na rawa." Ya numfasa. "Me kike so in yi?"

"Ka zo ka gaya wa Baffa. Ni ba zan iya ba."

"Zan zo. Amma ni ban ga bakin saniya ba, ke kika gani. Mijinki zai ce tsoho ne ya ruɗe, kuma za a yarda da shi. Abin da zan iya, in tsayar miki da su. Sauran naki ne."

Washegari rana ta ɗan ɗaga, mijina ya riga ya ware shanun ya jera su a bakin burtali. Ya sa Wule a tsakiya inda ido ba zai kai gare ta ba. An ɗaure kayana a kan jaki. Baffa na tsaye da malafarsa, ya harɗe hannu a baya, yana kallon rabin dukiyarsa za ta tafi, rabi kuma na nishi a gindin tsamiya. Na ji ya ce, "Ka tabbata dai babu mai ko ɗigon hawaye a cikinsu?" Mijina ya ce, "Na tabbata, Baffa." Ni ina bayan jaki, ina duban hanyar gari. Babu kowa. Mijina ya yi wa shanu kira, na gaba suka ɗaga ƙafa.

Sai ga Baba Soja ya ɓullo ta wajen fadama, ba ta hanyar gari ba, yana jan ƙafa, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya zo ya tsaya a tsakiyar burtali, daidai inda ya fi ƙunci. A hannunsa na dama akwai ɗanyar ciyawa da ya tsinko a bakin ruwa, ya ɗaga ta sama. Ya yi sallama, Baffa ya amsa cikin mamaki.

Mijina ya ce, "Baba, ina kwana. Ka ɗan kauce, shanu za su wuce."

Baba Soja ya ce, "A ƙasar Masai, in mutum ya ɗaga ɗanyar ciyawa, ko an riga an saita mashi sai a sauke a saurare shi. Ciyawa ita ce ran saniya, ba a tsallake ta."

"Nan ba ƙasar Masai ba ce, Baba. Don girman Allah ka kauce."

"Ba zan kauce ba, ɗana. Sai dai su bi ta kaina."

Shanun baya na turo na gaba. Babban san da ke jan garken ya sunkuyar da ƙaho, numfashinsa na kaɗa rigar tsohon. Mijina ya ɗaga sanda. Na san shanu zai kora, ba mutum zai doka ba, amma in sandar nan ta sauka garken zai zabura, kuma mai ƙafa ɗaya ba ya tsalle. Yaran suka fara kuka. Baffa ya ce, "Kai! Kai!" amma bai san wa zai tsawata wa ba, bai san me ya kawo tsohon ba. Baba Soja bai dubi sandar ba. Ni yake kallo, ta saman bayan shanu.

Ban san lokacin da na fito daga bayan jaki ba. Na yi kiran da nake yi wa Wule kowace safiya. Ta ɗago daga tsakiyar garke, ta ratso 'yan'uwanta tana tangaɗi, ta zo ta sa hancinta a tafina. Mijina ya ce, "Ke!" Ban juya ba. Na kama hancinta da hannu ɗaya, na ja leɓen ƙasa da ɗayan. Abin da jiya bai fi a rufe da ɗan yatsa ba, yau ya mamaye dasashin duka, warin ya bugo ni. Na ɗaga kaina na dubi surukina cikin ido, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Baffa, zo ka duba."

Kukan yaran ya tsaya. Baffa ya tako a hankali. Ya sunkuya ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ya shafa farin goshin nan. Sannan ya cire malafarsa ya riƙe a ƙirji kamar mai tsayuwa a kan kabari, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A mayar da su. Ko kofato ɗaya ba zai bar nan ba. Abin da Allah ya aiko mana, a ƙofarmu zai tsaya."

Mijina ya yar da sandar. Ya zo dab da ni, muryarsa ba ta fita sosai, ya ce, "Kin zaɓi gidan ubanki." Ya wuce ya shiga daji. Baba Soja ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, don ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, sai a kan jakin da aka ɗaura wa kayana aka mai da shi gida.

Abin da ya biyo baya ba na son daɗewa a kansa. Wule ta mutu kanta a cinyata, ɗanta ya bi ta. Muka yi ta haƙa har hannu ya fashe, daga baya ƙarfi ya ƙare, sai ja kawai ake yi zuwa kwari. Garken da in ya taso ƙasa ke amsawa ya koma 'yan tsirarun da yaro ɗaya zai kora da tsinke. Dangwali, doguwar igiyar da ake ɗaure maruƙa a jere, ta kwanta a ƙasa babu ko ɗaya a jikinta. Safiya ta zama abin tsoro, don babu abin da za ka tashi ka yi. Masu allura sun zo a motarsu bayan an gama, suka yi wa ragowar, suka wuce yamma. Can wajen Rogo sun riga ciwon isa rugar mahaifina, garkensa ya tsira.

Mijina ya dawo gida amma bai dawo gare ni ba. Yana cin abin da na dafa, yana fita neman aikin lada a gonakin mutane, shi da bai taɓa sunkuya wa fartanya ba, ya dawo ya kwanta ya ba ni baya. Bai zage ni ba, bai kore ni ba, magana ce kawai ya ɗauke. Wasu matan rugage suka ce na yi rashin kunya, na tona mijina a gaban ubansa da baƙo. Wasu suka ce ai da an tafi da wasu sun tsira. Ni kaina akwai ranakun da na tambayi zuciyata ko haka ne. Baffa kaɗai ya sauya ta wata fuskar: ya daina aiken iska. In yana son ruwa sai ya ce, "'Yata, miƙo mini buta." Haka rani ya ƙare, damina ta sauka, ciyawa ta fito kore shar a filin da babu mai cin ta.

Wajen kaka ne ƙanena ya iso da aike daga mahaifina: 'yan karsana, da saniya ɗaya mai sabon maraƙi. Ba sayarwa ba, ba sadaka ba. Al'ada ce ta makiyaya, wanda garkensa ya tsaya ya ba wanda nasa ya faɗi riƙo, su haihu a hannunsa, 'ya'yan su zama nasa, uwayen su koma gida in ya miƙe. Babu takarda, babu shaida. Yau in ciwo ya ɓullo, kafin arɗo ya ji an loda shanu a mota an kai wata kasuwa, wanda tsautsayi ya faɗa wa ya saya. Wanda garkensa ya ƙare kuwa sai dai a yi masa jaje a waya, ya tafi birni gadi. Ban ce mutanen da mala'iku ba ne, na ga abin da tsoro ya kusa sa mutumin kirki ya aikata. Amma a lokacin akwai inda mutum zai faɗi a tare shi.

Ranar da shanun suka iso Baffa ya fita tarye yana share ido, yaran na tsalle. Mijina bai fito ba. Sai da ƙanena ya ci abinci ya juya, rana ta yi sanyi, na fito zan nemi inda zan ɗaure maraƙin, na sami mijina tsugune a gaban dangwali. Ya ɗaga igiyar, ta katse a hannunsa, gara ta cinye ta. Ya daɗe yana juya guntun. Bai dube ni ba ya ce, "Ke. Akwai sauran rama a ɗakinki?"

Muryar ta zo mini kamar ta baƙo, don na manta yadda take in da ni ake. Na ce, "Akwai."

"Ɗauko. Ki riƙe mini baki in tufka."

Na ɗauko. Muka zauna a ƙasa, yana murzawa a cinya ina riƙe da bakin, sabon maraƙin na kuka uwarsa na amsawa. Da igiyar ta kai yadda za ta ɗaure shi na sassauta hannu, na ce ta isa.

Ya ja ta ya gwada ƙarfinta, ya miƙa hannu ya ɗebo wata ramar.

Ya ce, "Riƙe dai. Baɗi ba shi kaɗai ba ne."